Ƙurajen leɓe sun ƙi barina, kuma an ce bitamin D ɗina ya yi ƙasa, ko akwai alaƙa?

Ummu Hanan:

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan kowa yana lafiya. Dan Allah masu sani ku taimaka min da bayani, abin nan ya kai ni bango. Tun ina budurwa in na yi zazzaɓi ƙuraje suke feso min a leɓe, irin ƙananan nan masu ruwa da suke haɗuwa wuri ɗaya, su fashe su yi ɓawo su warke, to da can sau ɗaya ne a shekara ko sau biyu kuma ban taɓa damuwa ba dan a gidanmu kusan kowa yana yi, ana cewa zazzaɓi ne yake fita. Amma daga bara zuwa yanzu wlh na ƙirga sau bakwai, kuma ba sai na yi zazzaɓi ba, wani lokacin al'adata ce kawai za ta matso sai in ji wurin ya fara min ƙaiƙayi da zugi, washegari sun fito, kuma kullum gefe ɗaya ne, saman leɓe ta hagu.

Watan jiya na je asibiti saboda kasala da ciwon baya da ƙafafu da nake fama da su, likita ta rubuta min gwaje-gwaje har da na bitamin D, sakamako ya fito 14, ta ce ya yi ƙasa ta ɗora ni a kan magani. Ni abin ya ɗaure min kai, an ce daga hasken rana jiki yake samun bitamin D, ni kuma ina zaune a Kano, ranar garin nan da take ƙona mutum, ta ya za a ce ba na samun rana? Da na dawo gida na shiga intanet sai na ga wasu suna cewa ƙarancin bitamin D shi yake sa ƙurajen nan su riƙa dawowa, wata ma ta ce tana shan IU 10,000 (IU shi ne ma'aunin yawan bitamin ɗin) kullum tun daga nan ba su sake fito mata ba. Shi ne nake tambaya, da gaske ne? In ƙara yawan wanda nake sha? Sannan na ga sunan ciwon wai hapis, gabana ya faɗi sosai, dan ni a sanina wannan ciwon sanyi ne na masu neman banza, ni kuma Allah ya sani ban san kowa ba sai mijina. Yanzu haka ma akwai su a bakina, kwana uku ke nan.

Maman Sadiq:

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu Allah ya ƙara sauƙi. Ni ina Ingila ne shekara shida ke nan, kuma na sha irin wannan wahalar dan haka na san yadda kike ji, ba zafin ba ma, kunyar fita da shi, kowa ka gaisa da shi sai ka ga idonsa yana kan bakinka.

Nawa da aka gwada a hunturun farko da na yi a nan ya ma fi naki ƙasa. A nan ƙasar daga Oktoba zuwa wajen Maris ranar ba ta da ƙarfin da fata za ta yi bitamin D da ita ko da ta fito, shi ya sa hukumar lafiyarsu NHS take ba kowa shawarar ya sha IU 400 kullum a wannan tsakanin, mu masu baƙar fata da masu rufe jiki kuwa cewa suka yi mu sha duk shekara. Na sha magani, kasala ta tafi, ciwon ƙashi ya tafi, wannan kam na shaida. Ƙurajen kuma gaskiya sun ragu amma ba su daina ba, kuma a daidai lokacin ne na bar aikin dare na koma na rana na fara samun barci, to kin ga ba zan iya rantsuwa in ce bitamin ɗin ne ya rage su ba.

Batun ranar Kano kuwa ki duba yadda kike wuni. Daga ɗaki zuwa mota ko adaidaita, daga nan ofis, ga hijabi har ƙasa ga safa, in an dawo gida a shige ɗaki a saki labule saboda zafi. Ranar tana nan amma ba ta taɓa fatarki. Iyayenmu da suke daka da shara da wanki a tsakar gida da ɗaurin ƙirji sun fi mu samu nesa ba kusa ba.

Ɗan Zariya:

Allah ya sawwaƙe Hajiya. Ki gwada shafa man goge baki da daddare, ni shi nake sawa yana busar da shi da wuri. Wasu kuma toka suke sawa ko ɗan sifirit.

Dr. Binta:

Malam Ɗan Zariya na san da kyakkyawar niyya ka faɗa amma dan Allah a bar wannan, man goge baki da toka da sifirit ƙona fatar suke yi, wurin ya tsage ya daɗe bai warke ba, wani lokacin har wata cutar ta hau kai ya yi mugunya ya bar tabo.

Ummu Hanan sannu, bari in fara da abin da ya fi tayar miki da hankali dan na ga ya fi maganar bitamin ɗin ci miki rai. Ki kwantar da hankalinki. Ƙwayar da take kawo ƙurajen leɓe bairos ce da ake kira HSV-1, kuma galibin mutane tun suna yara suke ɗaukarta, daga sumbar uwa ko goggo, ko abincin da aka tauna aka ba yaro, ko yawun 'yan uwa wajen wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da ita, wato kashi 64 cikin 100, kuma a Afirka abin ya fi haka yawa. Da yawa ba su ma san suna da ita ba dan ba ta taɓa fito musu. Wadda kika ji ana dangantawa da saduwa 'yar uwarta ce HSV-2. Ke da kika ce tun kina budurwa kike yi kuma a gidanku kowa na yi, babu wani abin zargi a nan, ba a kanki ba ba a kan mijinki ba. Na sha ganin matan da wannan sunan kaɗai ya hana su barci, har wata ta kusa kai ƙarar mijinta gida, abin yana min ciwo dan bayani na minti biyar ne yake warware shi.

Dalilin da ya sa kullum wuri ɗaya suke fito miki, bayan kamuwar farko ƙwayar ba ta barin jiki, sai ta bi jijiya ta je ta kwanta a wani ƙullin jijiyoyi da yake can ciki wajen gindin ƙwaƙwalwa, wanda jijiyar fuska take fitowa daga gare shi. Tana nan kwance garkuwar jiki ta danne ta. In wani abu ya ɗan raunana garkuwar ko ya taɓa fatar wurin sai ta farka ta biyo hanyar da ta bi ta dawo, wannan zugin da kike ji kafin su fito tafiyarta ce. Abubuwan da aka tabbatar suna tayar da ita: zazzaɓi, musamman maleriya a wajenmu, mura, al'ada, rashin barci, damuwa, tsagewar leɓe irin ta hunturu, da kuma rana mai zafi in ta daki leɓe.

To yanzu bitamin D. Abin da yake tabbas shi ne yana da hannu a garkuwar jiki, ƙwayoyin garkuwa suna amfani da shi wajen haɗa wasu sinadarai da suke yaƙar cututtuka, ba ƙashi kaɗai yake wa aiki ba. An kuma yi ƙananan bincike, akwai wanda aka yi a Turkiyya, da suka ga masu yawan ƙurajen leɓe bitamin D ɗinsu ya fi na sauran mutane ƙasa. Amma ganin abu biyu tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya. Matar da take wuni a ofis ba ta ganin rana, ita ce dai wadda ba ta samun barci, take cin abinci a tsaitsaye, take cikin damuwa. Wanne daga ciki ya tayar da ƙurajen? Shi ya sa har yanzu bitamin D ba ya cikin magungunan da likitoci suke bayarwa dan hana ƙurajen nan dawowa. Ki gyara naki saboda 14 ya yi ƙasa da gaske, ƙasa da 20 a ma'aunin ng/mL ana ɗaukarsa ƙaranci, kuma kasala da ciwon bayan nan za su iya zama daga nan suke. In ƙurajen sun ragu alhamdulillah, amma kar ki jingina duk fatanki a kansa ki bar maganin da aka san yana aiki.

Ga kuma wurin da nake so ki kula sosai dan nan mutane suke faɗawa rami. An ce miki ki nemi rana, sai ki je ki zauna ki miƙa mata fuska da tsakar rana, bayan kwana biyu ƙuraje su feso, dan hasken da yake sa fata ta yi bitamin D shi ne dai yake tayar da ƙwayar in ya sami leɓe. Dan haka hannu da ƙafa da baya za ki ba rana, a tsakar gida ko wani wuri da babu idon maza, fuska kuma ki kare ta, ki shafa man leɓe mai kariyar rana wanda aka rubuta SPF 30 ko sama da haka a jikinsa. Kuma ta bayan gilashin taga ko na mota ba ta yi, gilashi yana tare irin hasken da ake buƙata. Mu baƙaƙe muna buƙatar lokaci fiye da farar fata kafin mu sami adadi ɗaya, wannan launin namu kariya ne amma yana rage shigar hasken.

Sau bakwai a shekara ya isa ki koma wajen likitarki ki faɗa mata, dan da alama ba ki ma ambata mata ƙurajen ba. Wanda yake yi sau shida ko fiye akan duba yiwuwar ɗora shi a kan magani na kullum na wasu watanni. Sannan in ni ce zan duba yawan jininki da sikari, in kuma yi gwajin HIV, ba dan ina zargin komai ba, ƙa'ida ce ga duk wanda abu ya sauya masa haka, in an ga lafiya lau sai hankali ya kwanta.

Ummu Hanan:

Likita Allah ya saka da alheri ya jiƙan mahaifa, wlh kamar an sauke min dutse daga ƙirji, sati biyu ina ɓoye wa Abban Hanan abin da na karanta. Gaskiya ne ban faɗa wa likitar ba, a lokacin babu su kuma ban ɗauka abin faɗa ba ne. Maman Sadiq kamar kina gidanmu, haka nake wuni, ƙarfe 7 na fita sai bayan la'asar, gidan haya ne kuma a sama muke babu tsakar gida, sai dai ɗan barandar baya.

Tambaya biyu dan Allah. Ƙanwata ta haihu ranar Asabar, jibi suna, ni ce babbar yaya dole ina wurin kuma ni zan riƙa karɓar jaririn, akwai matsala? Sannan akwai wani man shafawa da wani mai kemis ya ba ni na ƙaiƙayi, irin mai haɗi uku ɗin nan, shi nake ɗan shafawa, in ci gaba?

Dr. Binta:

Alhamdulillah da kika yi wannan tambayar kafin ranar. Ki je suna, amma dan girman Allah kar bakinki ya taɓa jaririn nan, ba fuska ba, ba hannu ba, ba ka ba, har sai wurin ya warke sarai ɓawon ya faɗi. Abin da yake ɗan ƙurji a wajen babba, a jikin jaririn da bai wuce sati shida ba yana iya shiga jini da hanta da ƙwaƙwalwa, yana kisa, wanda ya tsira kuma wani yana tashi da naƙasa. Ki wanke hannu da sabulu kafin ki ɗauke shi, ki sa takunkumi, kar ki taɓa leɓenki kina riƙe da shi, kar ki tofa masa addu'a a fuska a wannan halin, ki yi masa daga nesa Allah yana ji. In da hali ma ki bar wa wata karɓarsa. Kuma ki faɗa wa mai jegon ta sa ido a kan 'yan barka, kar ta ji kunyar kowa. In jariri ya yi zazzaɓi, ko ya ƙi kama nono, ko ya yi laushi yana ta barci ba ya farkawa, ko aka ga ƙuraje masu ruwa a fatarsa ko idonsa, asibiti a take, ba a jira gari ya waye.

Hanan da babanta ma haka, ba sumba a kwanakin nan, kowa da kofinsa da cokalinsa da tawul ɗinsa. Tsakaninki da maigida kuma ki sani ƙwayar baki tana iya komawa al'aura in bakin ya kai can, to a haƙura har a warke. Ki kiyaye idonki ke ma, in kin taɓa ƙurjin kar ki murza ido, in ido ya yi ja yana zafi yana ƙin haske ki ga likitan ido a ranar.

Malam Auwal Famasi:

Hajiya man nan ki ajiye shi yau ɗin nan. Masu haɗi ukun nan kusan duka akwai sitiroyid a ciki, ki duba kwalin za ki ga betamethasone ko clobetasol, aikinsa danne garkuwar fata, shi ya sa ƙaiƙayi yake lafawa mutum ya zaci sauƙi ne alhali ƙwayar ƙofa aka buɗe mata. Ba zan yi mamaki ba in yana cikin abin da ya sa naki suka ƙaru ko suke daɗewa. Wannan abu yana damuna matuƙa, duk ƙurjin da aka kawo kanti sai a miƙa wa mutum shi, haka masu man bilicin da yawansu shi suke shafawa ba su sani ba.

Maganin ƙurjin shi ne aciclovir, haka aka rubuta a kwali, akwai na shafawa mai kashi 5 cikin 100 ana sawa sau biyar a rana kwana biyar, akwai na sha, akwai kuma valaciclovir wanda ake gama shi a rana ɗaya, sha biyu tsakaninsu awa 12, amma ya fi tsada. Na shan likita ce za ta rubuta miki, dan sai an san lafiyar ƙodarki da ko kina da ciki ko shayarwa, kuma ana shan ruwa sosai da shi. Sirrinsa duka lokaci ne, da kin ji zugin nan kafin komai ya fito a lokacin ake farawa, dan haka ya zauna a jakarki. In sun riga sun fashe kamar yanzu da kike kwana uku amfaninsa kaɗan ne, ki riƙa shafa Vaseline da auduga kar ya tsage, kar ki ɓamɓare ɓawon, cikin kwana 7 zuwa 10 zai tafi da kansa. Maganin ba ya kashe ƙwayar gaba ɗaya, har yau babu maganin da yake fitar da ita daga jijiya, duk wanda ya ce miki yana da na wankewa kuɗinki yake so.

Batun IU 10,000 kullum kuwa a'a. Babba lafiyayye IU 600 yake buƙata a rana, iyakar da aka ce kar a wuce ba tare da likita ba 4,000 ce. Mai ƙaranci irin naki akan ba shi mai ƙarfi, misali 50,000 sau ɗaya a SATI na wajen sati takwas sannan a sauko, na rubuta da manyan baƙi ne dan na taɓa ganin wadda take shan na sati kullum. Bitamin D ba ya fita ta fitsari kamar bitamin C, taruwa yake a kitsen jiki, in ya yi yawa kalsiyam, sinadarin nan mai gina ƙashi, ya hau a jini, sai amai, ƙishirwa, yawan fitsari, tsakuwar ƙoda, har ƙodar ta taɓu. Ki tsaya a kan abin da likitarki ta rubuta, ki sha shi bayan abinci mai maiƙo dan ya fi shiga jiki, bayan wata uku a sake gwaji.

A abinci kuma kifi mai maiƙo kamar titus da sadin na gwangwani, gwaiduwar ƙwai, hanta, da madarar gari da aka ƙara wa bitamin. Kar ki manta da nono da kindirmo saboda kalsiyam, dan a nan ƙasar ba bitamin D kaɗai ne matsalar ƙashi ba. Binciken da aka yi a Jos aka wallafa a 1999 a kan yara masu lanƙwasar ƙafa ya nuna kalsiyam ya fi bitamin D shi kaɗai warkar da su, saboda abincinmu hatsi ne ya fi yawa.

Abu na ƙarshe, ki tabbata ƙurajen a wajen leɓe suke. Gyambon da yake fitowa a cikin baki, fari zagaye a kumatu ko ƙarƙashin harshe, wannan daban ne ba ya yaɗuwa, shi an fi danganta shi da ƙarancin sinadarin ƙarfe da bitamin B12, haka ma tsagewar kusurwar baki. Mutane suna haɗa su wuri ɗaya su yi ta shan maganin da ba nasu ba.

Ɗan Zariya:

Likita na gode da gyara, na daina insha Allah. Ni ma matata watan haihuwarta ne, maganar jaririn nan ta girgiza ni, yanzu zan tura mata.

Ummu Hanan:

Slm, na dawo in ba ku labari. An yi suna lafiya, yaro ya ci sunan babanmu. Na sa takunkumi wuni guda, goggonmu ce ta riƙa karɓarsa, wasu sun yi ta tambaya na ce mura nake, amma mai jego na faɗa mata gaskiya kuma ta hana mutum biyu sumbatarsa. Malam Auwal na duba kwalin, clobetasol ne a ciki, na jefar. Jiya na koma wajen likitata na kwashe komai na faɗa mata, ta ɗebi jini, HIV da sikari lafiya lau, amma jinina ya ɗan yi ƙasa ta ƙara min maganin ƙarin jini. Ta rubuta min maganin ƙurajen na sha in ajiye a jaka, ta ce in sami littafi in riƙa rubuta ranar da suka fito da abin da ya faru kafin nan, al'ada ko zazzaɓi ko rashin barci, in kai mata bayan wata uku lokacin sake gwajin bitamin ɗin sai ta yanke shawara a kan na kullum. Barandar bayan nan na sa an kewaye min da zana, ranar Asabar da Lahadi da hantsi nake zama ina tsintar shinkafa, baya ga rana. Maman Sadiq dan Allah wane irin man leɓe kike amfani da shi? Na zaga kanti uku duk masu ƙamshi da launi ne babu mai SPF.